TAJIKISTAN: Ƙasar Duwatsu Da 'Yan Ci-rani

Tajikistan ƙasa ce ta Musulmi a tsakiyar nahiyar Asiya, tana iyaka da Afganistan da Sin. Ta sami mulkin kanta a 1991 bayan wargajewar Tarayyar Sobiyat. Kashi 93 cikin 100 na ƙasar duwatsu ne, saboda haka ƙasar noma kaɗan ce ƙwarai. Harshensu kuwa ɗan'uwan Farisanci ne, sai dai da baƙaƙen Rashanci suke rubuta shi. Har a biranen Samarƙandi da Bukhara, garin Imamu Bukhari, waɗanda yanzu ke cikin ƙasar Uzbekistan, ana jin wannan harshe.

Matafiyi yakan fara sauka a Dushanbe, babban birnin ƙasar. Ma'anar sunan a harshensu ita ce Litinin, domin asalinsa ƙauye ne da kasuwarsa ke ci ran Litinin. Can arewa kuma akwai tsohon birnin Khujand a bakin kogin Sir Darya, sunan babbar kasuwarsa Panjshanbe, watau Alhamis. Hanyar da ta haɗa biranen biyu ta ratsa cikin dutse, ta wani rami mai tsawon kilomita 5 da aka buɗe a Anzob a 2006.

Amma tafiyar da ake ba da labari ita ce ta gabas, zuwa duwatsun Pamir. Daga Dushanbe zuwa garin Khorog wajen kilomita 600 ne, ana kuwa yini guda cur a mota, har a haɗa da dare. Direba ba ya tashi sai mota ta cika, kamar dai yadda aka saba a tasha. Bayan an wuce garin Kulob sai hanya ta bi gefen kogin Panj, dutse a hannun hagu, ruwa a hannun dama. A tsallake kuma ga ƙauyukan Afganistan nan, har mutum yana hangen masu kora jakuna.

Galibin mutanen Pamir 'yan Isma'iliyya ne, mabiya Aga Khan. Ɗakinsu na gargajiya ginshiƙi biyar gare shi, suna kiransu da sunayen Annabi (S.A.W.) da Ali da Fatima da Hasan da Husaini, haske kuwa ta wata kafa a tsakiyar rufi yake shigowa. Baƙo na sallama za a yi masa shimfiɗa, a kawo gurasa da shayin madara mai gishiri da man shanu. Abin kunya ne a wurinsu a kife gurasa ko a yar da ita. Gaba da Khorog hanya ta yi ta hawa har mita 4,655 a mashigin Ak-Baital, inda numfashi ke yi wa baƙo wuya, itace kuma ba ya tsiro.

To, abin da matafiyi zai lura da shi a ƙauyuka da yawa shi ne ƙarancin majiya ƙarfi. Mata da tsofaffi da yara su ne a gona. Mazan sun tafi ci-rani Rasha, suna aikin gini da dako da sharar titi. Yaƙin basasa na 1992 zuwa 1997 da rashin aikin yi su suka buɗe wannan ƙofa. A shekarun 2008 da 2013 kuɗin da 'yan ci-rani suka aiko gida ya haura kashi 40 cikin 100 na arzikin da ƙasar ta samar.

Dogaro da gidan wani kuwa yana da hatsari. A watan Maris na 2024 aka kai hari wani zauren taro kusa da Mosko, aka kama waɗansu 'yan Tajikistan. Daga nan Rasha ta tsananta bincike, ta kori da dama, laifin ƙalilan ya shafi talakawa masu neman halaliyarsu.

Mai karatu da ke Agege ko Sabon Ibadan ba sai an yi masa dogon bayani ba. Ya san zaman jiran ɗan aike, ya kuma san abin da kuɗin nan ke yi idan ya isa gida: buhun gari kafin sanyi ya rufe hanya, kuɗin magani, da kayan auren ƙanwa.