Bambanci ne na gaske, ko dace ne kawai?

A shekarun 1920, a cibiyar binciken noma ta Rothamsted da ke arewa da Landan, wata masaniyar tsirrai, Dokta Muriel Bristol, ta ƙi karɓar shayin da abokin aikinta ya miƙa mata. Ta ce harshenta yana rarrabe kofin da aka fara zuba wa madara da wanda aka fara zuba wa ruwan shayi. Abokin aikin nan, Ronald Fisher, masanin lissafi ne, sai ya mayar da gardamar gwaji.

Za a haɗa kofi takwas, huɗu madara a farko, huɗu shayi a farko, a cakuɗa jerinsu da ƙuri'a, ita kuma ta ware huɗun da aka fara da madara. Hanyoyin zaɓar huɗu daga cikin takwas guda 70 ne, ɗaya ce tak daidai. Ke nan mai canka kawai sau ɗaya cikin 70 zai dace da duka. Amma samun aƙalla uku daidai ba abin a zo a gani ba ne, don canka tana ba da hakan sau 17 cikin 70, kusan sau ɗaya cikin huɗu. An ruwaito cewa Bristol ta gane kofunan duka, kuma Fisher ya bayyana tsarin gwajin a littafinsa na 1935.

Tambayar da ya yi game da shayin ita ce ginshiƙin duk wani gwajin ƙididdiga da ke kwatanta rukuni da rukuni: a ɗauka babu wani bambanci na gaske, sau nawa dace kaɗai zai haifar da tazara mai girman wadda aka gani? In amsar ita ce sau da yawa, babu hujja tukuna. In kuwa da ƙyar hakan zai faru, to akwai dalilin yarda cewa wani abu ne ke aiki.

Inda rai ke cikin haɗari ne aka fi ganin amfanin wannan tambaya. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sabon maganin tarin fuka, streptomycin, ya iso Birtaniya ɗan kaɗan, ba zai ishi kowa ba. Masanin ƙididdiga Austin Bradford Hill ya tsara yadda za a gwada shi. Majinyata 107 aka ɗauka, 55 suka sami magani da hutun gado, 52 hutun gado kaɗai, wanda shi ne jinyar da aka saba a lokacin. Ba likita ne ya zaɓi wanda zai shiga wane rukuni ba. An rubuta rabon da lambobin ƙuri'a, aka rufe a ambulan, ba a buɗewa sai an riga an karɓi majinyaci. Bayan wata shida, mutum 4 suka rasu a rukunin magani, 14 a ɗaya rukunin. Rahoton 1948 ya nuna cewa dace zai iya kawo irin wannan tazara ƙasa da sau ɗaya cikin ɗari.

Ambulan ɗin nan ya kai lissafin muhimmanci, ko ma ya fi shi. Da an bar wa likita zaɓi, tausayi zai iya sa ya tura waɗanda suka fi galabaita wajen magani, ko fatan nasara ya sa ya tura masu ɗan ƙarfi. Ko wanne ya faru, rukunan sun bambanta tun kafin allurar farko, kuma babu lissafin da zai gyara wannan daga baya.

Abu uku gwajin ƙididdiga ke aunawa tare: girman tazarar da ke tsakanin rukunan, yadda sakamako ke warwatse a cikin kowane rukuni, da yawan waɗanda aka gwada. Matsalar ƙarancin adadi ce ta dami William Gosset, ma'aikacin kamfanin Guinness a Dablin, wanda ke kwatanta nau'o'in sha'ir da samfuri 'yan ƙalilan. A 1908 ya wallafa mafita da sunan aro, Student, don kamfanin ba ya barin ma'aikata su wallafa da sunansu. Daga nan aka sami gwajin t, wanda ake kwatanta matsakaicin rukuni biyu da shi. In rukunan sun kai uku ko fiye, sai a koma ga ANOVA, dabarar da Fisher ya ƙirƙiro bayan ya fara aiki a Rothamsted a 1919, inda ya tarar da bayanan gonar alkama da ake tarawa tun 1843.

Manomi ya san damuwar Fisher ba sai an faɗa masa ba. Gona ɗaya tana da gefe mai danshi da gefen jigawa, kuma irin da ya faɗa wuri mai kyau zai yi kamar ya fi. Shi ya sa a cibiyoyi irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya, mai fitar da irin masara na SAMMAZ da waken SAMPEA, ake yanka fili ƙanana-ƙanana, a raba iri da ƙuri'a, a maimaita kowane iri a wurare da dama kafin a ce wannan ya fi wancan yabanya.

Masu bincike sun saba da wata iyaka: in damar dace ta gaza kashi 5 cikin ɗari, sai su ce bambancin ya tabbata a ƙididdiga. Al'ada ce kawai da aka gada, kuma an ɗora mata kayan da ba za ta iya ɗauka ba. Ba ta faɗin girman bambanci. Da mutum dubu ɗari, maganin da ke rage zazzaɓi da 'yan mintoci zai iya tsallake iyakar, alhali bai cancanci kuɗinsa ba. Da mutum goma sha biyu kuwa, magani mai amfani sosai zai iya kasa tsallakewa, a yi watsi da shi bisa kuskure.

Haɗari mafi girma shi ne yawan tone-tone. Wanda ya yi kwatanci ashirin inda babu bambanci ko kaɗan, ana sa ran ɗaya zai tsallake iyakar da dace kawai, kuma shi ne zai shiga kanun labarai. Masu binciken ISIS-2, da aka wallafa a 1988, sun nuna wannan da gangan. Sun gwada asfirin a kan mutum sama da 17,000 da ake zaton ciwon zuciya ya buge su, sakamakon kuma ya fito fili cewa yana rage mace-mace. Da aka nemi su rarraba majinyatan ƙungiya-ƙungiya don a ga wa ya fi amfana, sai suka haɗa da rabo bisa burujin haihuwa. Alƙaluman suka nuna kamar asfirin bai amfani waɗanda aka haifa a burujin Jauza da Mizani ba, amma ya amfani sauran. Sun sa wannan a rahoton ne don likitoci su ga yadda yayyanka bayanai ke ƙirƙiro bambancin ƙarya, kada wani ya hana majinyacinsa asfirin saboda ƙaramin rukunin da ya faɗa ciki ya nuna kamar ba ya aiki.