Sirinjin da ke kulle kansa: fasahar roba da ke cikin akwatin masu rigakafi

Idan aka ce fasaha, hankalin yawancinmu kan tafi kan wayar salula, kwamfuta ko manhaja. A wannan makon na ajiye waɗannan gefe guda. Zan ɗauki mai karatu zuwa ƙananan asibitocin sha-ka-tafi irin waɗanda muke da su a Yalwa da sauran ƙauyukan Rano da Kibiya, mu leƙa cikin akwatin sanyi da ma'aikatan lafiya ke ratayawa ranar rigakafi. Akwai ƙirƙire-ƙirƙire a cikinsa da aka kwashe shekaru ana aiki a kansu, aka yi musu rajistar haƙƙin ƙirƙira, amma saboda arharsu babu mai kallonsu sau biyu.

Mu fara da sirinji. Sirinjin roba da muka saba gani an yi shi ne don a yi amfani da shi sau ɗaya a yar. Matsalar ita ce babu abin da ke hana a sake amfani da shi in ban da rubutun da ke jikin ledarsa da kuma tsoron Allah na mai yin allurar. Wanda ya so zai ɗauraye shi ya soka wa mutum na biyu da na uku. Wani bincike da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗauki nauyinsa ya ƙiyasta cewa a shekarar 2010 kaɗai, mutanen da suka kamu da ciwon hanta nau'in B ta hanyar allura marar tsafta za su iya kaiwa miliyan 1.7, nau'in C kusan 315,000, cuta mai karya garkuwar jiki kuma kusan 33,800. A wurare irin namu, inda mutum bai jin an yi masa magani sai an tsira masa allura, kuma sau da yawa a shagon kemis ko a ɗakin wani mai allurar unguwa ake yinta, wannan lissafi ya shafe mu kai tsaye.

Masu rubuta manhaja suna da wata ƙa'ida: idan akwai kuskuren da mai amfani zai iya yi, kada ka tsaya ga yi masa gargaɗi, ka gina tsarin ta yadda kuskuren ba zai yiwu ba. Abin da masu ƙera sirinji suka yi ke nan. Ƙungiyar PATH da ke birnin Siyatul na Amurka ta samar da SoloShot, ta ba kamfanin BD lasisin ƙera shi, ya shiga kasuwa a farkon shekarun 1990. A cikin bututunsa akwai wani ɗan ƙarfe da ke cije sandar turawa. Za ka ja magani daidai awon da aka ƙayyade, ka tura, shi ke nan. Sandar ba ta sake dawowa baya.

Wanda ya fi burge ni shi ne K1, na wani Baturen Ingila mai suna Marc Koska. A 1984 ya karanta wani rahoton jarida da ke hasashen cewa maimaita sirinji zai zama babbar hanyar yaɗa ƙanjamau, sai ya duƙufa yana nazarin yadda ake ƙera sirinji a masana'anta. Nan ne dabararsa ta bambanta. Ana yin sirinji ne ta hanyar narkar da ƙwayoyin roba a cusa su da ƙarfi cikin ƙarfen zubi, su huce, su fito da siffar da ake so. Ita ce dai hanyar da masana'antun Sharaɗa, Bompai da Challawa ke bi wajen yin bokiti da kujerar roba. Abu mafi tsada a wannan sana'a shi ne injin da kuma ƙarfen zubin. Koska ya fahimci cewa duk ƙirar da za ta tilasta wa mai masana'anta ya watsar da injinansa ya sayi sababbi, ba za ta taɓa barin takarda ba. Sai ya ƙara wani siririn zobe a cikin bututun, ya ɗan sauya kan sandar. Da zarar an tura sandar har ƙarshe sai ta maƙale a zoben, in aka ja ta da ƙarfin tsiya kuma ta karye. Roba ɗaya, inji ɗaya, gyara kaɗan a ƙarfen zubi. Ya yi wa ƙirar rajista a shekarun 1990, maimakon ya gina tasa masana'antar kuma, sai ya riƙa ba kamfanoni a ƙasashe daban-daban lasisi su ƙera.

A 1999 Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da UNFPA suka fitar da sanarwar haɗin gwiwa cewa kafin ƙarshen 2003 a koma amfani da sirinji mai kulle kansa a duk aikin rigakafi. Shi ya sa allurar da ake yi wa jariri ranar awo ba ta maimaituwa. Gibin da ya rage yana wajen alluran jinya, na zazzaɓi da makamantansu, waɗanda su ne mafi yawa. A 2015 hukumar ta sake kira da a koma irin wannan sirinji a nan ma kafin 2020. Mai karatu zai iya duba aljihun teburin kemis mafi kusa da shi ya ga ko kiran ya iso.

Abu na biyu a cikin akwatin ya fi sirinji ƙanƙanta. Idan ka karɓi kwalbar maganin shan inna ka duba takardar jikinta, za ka ga wani da'ira mai launi da ɗan murabba'i mai haske a tsakiyarsa. An shafa wa murabba'in wani sinadari da ke yin duhu a hankali gwargwadon zafin da kwalbar ta sha, kuma ba ya komawa fari ko an mayar da ita cikin firji. Muddin ya fi da'irar haske, maganin na da kyau. In launinsu ya zo ɗaya ko ya fi ta duhu, sai a zubar. Babu batir, babu intanet, ba a buƙatar iya karatu. An fara manna shi a kwalaben maganin shan inna a 1996. Ka tuna zafin watan Afrilu, da ɗaukewar wuta, da tafiyar babur daga Rano zuwa rugar da ke bayan dutse, za ka gane amfaninsa. Yaro na ƙarshe da aka samu da ƙwayar shan inna ta asali a Jihar Kano, a Sumaila aka same shi, a watan Yulin 2014, kuma a ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana nahiyar Afirka ta rabu da wannan nau'i. Ma'aikata, sarakuna da malamai su suka yi wahalar, amma wannan ɗan tambari shi ke gaya musu ko abin da suke ɗigawa a bakin yaro yana da sauran ƙarfi.

Akwai kuma Uniject, wata 'yar jakar roba mai kama da kumfa, da allura a bakinta da magani awo ɗaya a cikinta. Matsawa kawai ake yi. A cikinta ake zuba Sayana Press, allurar tazarar haihuwa ta wata uku, wadda Jamhuriyar Nijar ke cikin ƙasashe huɗu na farko da aka fara gwada rabonta a 2014.

To, ina ruwan matashin da ke harkar fasaha da wannan duka? Rajistar haƙƙin ƙirƙira ciniki ce tsakanin mai ƙirƙira da al'umma: ya bayyana yadda abinsa ke aiki dalla-dalla, har da zane, gwamnati kuma ta hana kowa kwaikwayonsa na wani lokaci. A Najeriya, Dokar Haƙƙin Ƙirƙira da Zane ta 1970 ta ba da shekara 20, tare da biyan kuɗin sabuntawa duk shekara. Bayan haka ƙirar ta zama ta kowa. Ke nan rajistar da aka yi a shekarun 1990 wa'adinta ya cika, kuma zanenta na nan kyauta a shafin Google Patents, kamar buɗaɗɗiyar manhaja da kowa zai iya saukewa. Abu biyu ya kamata mai niyyar yin rajista ya sani. Ofishin rajista na Abuja yana duba cikar takardu ne, ba ya binciken ko wani ya riga ka, don haka takardar na iya faɗuwa a kotu. Sannan rajistar Najeriya ba ta aiki a Maraɗi ko Damagaram. Nijar tana ƙarƙashin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde.

Samun zane kyauta kuwa bai isa ya tsayar da masana'anta ba. Sirinji na buƙatar roba mai ingancin asibiti, ɗaki marar ƙura, na'urar kashe ƙwayoyin cuta, amincewar NAFDAC da wutar da ba ta yankewa. Masana'antar Jubilee da aka buɗe a Onna ta Jihar Akwa Ibom a 2017, wadda ake kira ɗaya daga cikin mafi girma a Afirka, ta dakatar da aiki a ƙarshen 2023. A ganina, masu injinan Sharaɗa za su fi samun ƙofa ta ƙananan kaya tukuna: murfin kwalbar magani da ke nuna in an taɓa buɗe shi, cokalin awon maganin yara, akwatin sanyi na roba.

Kafin nan, duk wanda za a yi wa allura, ko shi ko ɗansa, yana da ikon ya ce a yage ledar sirinjin a gabansa, bayan an gama kuma ya ga an jefa shi cikin kwalin zubar da allura.