Tatsattsen Nono da Haƙƙin Nasaba

A duk farkon watan Agusta, idan Makon Shayarwa na Duniya ya kama, akan cika gidajen rediyo da wa'azin bai wa jariri nono zalla har wata 6, amma da zarar an ambaci tatsa da adanawa, sai jama'a su ɗauka zance ne na matan birni masu aikin ofis. Alhali kuwa a ƙasar Zurmi da Shinkafi, inda binciken Ƙungiyar Likitoci Marasa Iyaka na 2024 ya nuna yaro ɗaya cikin huɗu 'yan ƙasa da shekara 5 yana fama da tamowa, bakwainin da ya kasa kama mama ba shi da madogara sai abin da uwarsa ta tatsa aka ɗiga masa da ƙaramin kofi.

Ƙa'idar ba ta da wuya. Tatsattsen nono a rufaffen mazubi mai tsabta yakan yi sa'a 4 a ɗaki mai inuwa, kwana 4 a firji, wata 6 idan an daskarar da shi, kuma wanda ya narke ba a sake daskarar da shi. Sai dai wanda ya san zafin bazarar Gurbin Bore da halin wutar lantarkinmu ya san cewa ƙasa da sa'a 4 ɗin nan ita ce gaskiyarmu.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda likitoci ba sa faɗa, malamai kuma ba a tambaye su ba. A mazhabar Malikiyya, kamar yadda ɗalibai ke karantawa a Risala ta Ibn Abi Zaid, nonon mace idan ya isa cikin jariri a shekaru biyun farko, ko a mama ya tsotsa ko ɗura masa aka yi, ko da sau ɗaya ne, ya tabbatar da 'yan'uwantakar nono, ya haramta aure. To, idan mata uku suka kai kwalabe firizar maƙwabcin da ke sayar da ƙanƙara, babu suna babu alama, aka yi musanye cikin rashin sani, wa zai warware wannan shubuha bayan shekara 20, ranar da aka zo neman aure? Magabata sukan shaida wa dangi wadda ta shayar da wane, domin nasaba amana ce.

Saboda haka ya wajaba ma'aikatan lafiya daga Ƙauran Namoda har Shinkafi su koya wa masu jego rubuta suna da kwanan wata a jikin kowace kwalba, limamai kuma su shigar da wannan babi cikin huɗubar Juma'a.