Daga Burmi zuwa Jazira: Hijirar Hausawa zuwa Sudan da Tsallaken Bahar Maliya

Gabatarwa

Wanda ya ga manoman Garun Malam suna sakin ruwa a gonakin shinkafa da tumatir na Kadawa zai zaci Bahaushe bai san noman babbar madatsa ba sai da aka kammala ta Tiga a 1974. Alhali kuwa tun kusan shekara hamsin kafin nan Hausawa ke cirar auduga a bakin magudanan Jazira a ƙasar Sudan. Wannan maƙala ta dubi yadda suka je can da abin da ya zaunar da su.

Mafarin Hijira

Hanyar gabas tsohuwar hanyar mahajjata ce, amma faɗuwar Kano da Sakkwato a hannun Turawa a 1903 ta mayar da ita hanyar hijira. Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya fita da dubban jama'a, aka kashe shi a Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar har gaɓar Shuɗin Nilu, inda suka kafa garin Mai Wurno kusa da Sennar. Sai dai ƙasar da suka sauka, ita ma tana hannun Ingila.

Gona da Jirgi

Da aka kammala madatsar Sennar a 1925, aikin Jazira ya buƙaci ma'aikata, matafiya kuwa suna neman guzuri. Mutum kan yi shekaru yana ƙodago kafin ya tara kuɗin isa Sawakin. Dokokin fasfo da na killace masu cuta sun sa talakawa da dama suka riƙa tsallaka Bahar Maliya a ɓoye cikin *sambuk*, jirgin katako mai tafiya da iska. Wasu suka isa, wasu teku ta ci su, wasu suka tsufa a gona. Jikokinsu, kamar yadda Bawa Yamba ya nuna a littafinsa na 1995, ba su daina ɗaukar kansu mahajjatan da ke kan hanya ba.

Kammalawa

Mutanen nan sun guje wa mulkin Nasara, suka ƙare da noma masa auduga, amma ba su yarda a kira zamansu ci-rani ba. Saboda haka akwai buƙatar manazarta su bi sawun kalmar *takari* a bakin dattawan Kura da Bunkure, tun masu labarin suna raye.