Suna Ɗaya, Masu Shi Biyu: Rikicin Fayilolin Heda a Harshen C

Ɗalibin da ke koyon harshen C a Jami'ar Maiduguri ko Kwalejin Ramat yakan ɗauka cewa layin farko na shirinsa, wanda ke kiran fayil ɗin heda, ado ne kawai. Alhali heda takardar alkawari ce: ita ke shaida wa manhajar harhaɗawa sunayen ayyukan da laburare ke da su da kuma siffarsu. Matsala na tasowa idan laburare biyu suka yi iƙirarin suna ɗaya, wato laburaren na'ura kamar glibc ta Linux, da laburaren cike giɓi kamar gnulib ko libbsd, waɗanda aka ƙirƙiro don shiri ya yi aiki a ko'ina.

Tarihin strlcpy ya isa misali. Todd Miller da Theo de Raadt suka fito da shi a OpenBSD a 1998, don a kwafi rubutu ba tare da ya malala ya ɓata ma'ajiya ba. Masu kula da glibc suka ƙi karɓarsa a 2000, sai manhajoji barkatai kowace ta rubuta nata da wannan suna. Shekaru ashirin da uku bayan haka, a 2023, glibc 2.38 ta shigar da shi, kamar yadda 2.36 ta shigar da arc4random a 2022. Abin da aka daɗe ana roƙo ya samu, amma sai ga tsofaffin manhajoji sun ƙi haɗuwa, domin sunan da suka saba riƙewa su kaɗai yanzu yana cikin string.h, kuma ba a sarki biyu a gari ɗaya.

A ganina laifin ba na glibc ba ne. Na waɗanda suka gina shirinsu a kan zato ne: «idan Linux ce, babu strlcpy». Wannan zato gaskiya ne jiya, ƙarya ne yau. Hanyar da ta ɗore ita ce ta gwaji, irin wadda Autoconf ke bi, inda kafin a harhaɗa shiri ake bincikar na'urar a ga ko aikin yana nan, sai idan babu a kawo na aro. Masu musl, laburaren da Alpine Linux ke amfani da shi, sun tsananta a nan har sun ƙi samar da alamar da shiri zai gane su da ita, don dole a gwada. Abin ya fi tsauri idan fayil ɗin kansa ake tarayya a kai. Gnulib tana ɗauke da kwafin cdefs.h na glibc, ita kuma heda tana da ƙyaure da ke hana a karanta ta sau biyu. Idan tsohon kwafi ya riga shiga, sabon ya tarar an rufe ƙofa, ma'anonin da ake jira ba za su iso ba. Shi ya sa masu kula da ayyukan biyu suke daidaita kwafinsu a kai a kai.

Wani zai ce wannan wahalar banza ce: a naɗe shiri da duk laburarensa cikin akwatin Docker a huta. Amma wanda ya zaɓi Alpine saboda ƙanƙantarta, zaɓin da mai sayen data da guminsa zai fahimta, zai tarar musl ba ta da cdefs.h sam. Rikicin ya bi shi har cikin akwatin. Haka wayoyin Tecno da Itel da suka cika Kasuwar Monday ta Maiduguri: laburarensu Bionic ne na Android, ba glibc ba, da hedojinsa daban.

Wani kuma zai ce sabuwar ƙa'idar POSIX ta 2024 ta amince da strlcpy, saboda haka magana ta ƙare. Ta ƙare a takarda. Kwamfutocin da ke ɗauke da tsohuwar glibc za su yi shekaru suna aiki a ofisoshi da ɗakunan gwaji, kuma shiri ɗaya ne zai hau su ya hau sababbi. Malaman da ke koyar da C a Borno su sa ɗalibansu su harhaɗa aiki ɗaya a kan Ubuntu da Alpine kafin su ba da maki.