Jirgin Yaƙi a Tafin Hannu

A shekarar 1942, ana tsaka da Yaƙin Duniya na Biyu, rundunar sojan ruwan Amurka ta kai wa makarantun ƙasar wata buƙata da ba a saba ji ba. Tana so ɗalibai su sassaƙa mata ƙananan jiragen sama guda 500,000 da katako, su shafe su da baƙin fenti. Dalilin kuwa shi ne, sojan da ke bayan bindigar kakkaɓo jirgi 'yan daƙiƙoƙi kawai yake da su ya bambance jirgin gida da na abokan gaba, don haka ake rataya masa waɗannan samfura a ɗakin horo har idonsa ya haddace siffar kowanne. An kuma gindaya sharaɗi: duk a yi su a kan ma'auni guda, 1/72.

Wannan lamba har gobe ita ce aka fi gani a jikin kwalayen da masu sha'awar haɗa samfuran jiragen sama ke saye. Ma'anarta, kowane santimita 1 a jikin samfuri yana wakiltar santimita 72 a jikin jirgin gaske. Spitfire, shahararren jirgin yaƙin Birtaniya, faɗin fuka-fukansa ya ɗan haura mita 11, amma a wannan ma'auni bai kai santimita 16 ba. Wanda ke son ganin kayan cikin ɗakin matuƙi sosai yakan koma 1/48 ko 1/32. Manyan jiragen fasinja kuwa 1/144 aka fi yi musu, inda Boeing 747 mai tsawon mita 70 ke komawa kusan rabin mita.

A Ingila abin ya kafu. Kamfanin Skybirds ya fara sayar da samfuran katako a 1932, sannan a 1936 FROG ya fito da na roba. Amma wanda ya kai abin gida-gida shi ne Airfix, wanda wani ɗan asalin Hangari, Nicholas Kove, ya kafa a 1939. Da kayan wasa na hurawa da matajin kai ya fara. A 1952 ya zuba gutsattsarin wani jirgin ruwa a leda, shagunan Woolworths suka riƙa sayarwa sule biyu, kuɗin da ɗan makaranta zai iya tarawa. Daga nan Spitfire ya biyo baya, kasuwa ta buɗe.

Wanda ya buɗe kwalin yau zai tarar da gutsattsarin roba manne a jikin firam, kowanne da lambarsa, da takardar umarni mai zane, da gilashin ɗakin matuƙi, da takardar tambura. Da 'yar filaya mai kaifi ake cire kowane ɓangare, a goge bakinsa da sanfefa mai laushi. Kusan kullum da ɗakin matuƙi ake farawa, domin da zarar an haɗa gangar jikin dama da ta hagu, burushi ba zai sake shiga ciki ba. Gam ɗin ma daban ne: narka fuskar robar yake yi har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, shi ya sa ɗigo guda a inda bai dace ba ke barin tabo, musamman idan yatsa ya bi ta kai. Jirgi mai taya a ƙarƙashin hanci sai an cusa masa ɗan nauyi a gaba kafin a rufe, in ba haka ba ya zauna a kan jelarsa. Sufagulu kuma ba ya shiri da gilashi, tururinsa na sa shi yin fari fat.

Duk wanda ya taɓa fere karan dawa yana yaro, ya haɗa mota ko jirgi da ɓawo da totuwa, ya san daɗin wannan mataki. Sai dai gwanayen abin suna ganin haɗawa share fage ne. A wajen fenti ake gane wane ne wane.

Ana fara shafa fentin ƙasa mai ruwan toka, wanda ke tona duk wata tsaga da ba a cike da kyau ba. Sai launuka, masu haske kafin masu duhu, a tsinka fentin a yi shafi biyu ko uku marasa kauri, ana jira kowanne ya bushe. Mai gaggawar da ya lafta shi lokaci guda zai binne siraran layukan da ke nuna mahaɗar faranti da kawunan ƙusoshi, waɗanda su ne ke ba jirgin kamanni. Wasu burushi suke riƙewa har tsufa, wasu kuma sun koma 'yar na'urar feshi mai aiki da kwamfuresa. Kafin a liƙa tambura, waɗanda ake jiƙawa a ruwa su zame daga takarda, sai an bi jikin da fanish mai sheƙi, don kada iska ta maƙale a ƙarƙashinsu su riƙa ƙyalli. A ƙarshe a ƙara alamun aiki: baƙin hayaƙi bayan salansa, ɗigon mai a ƙarƙashin inji, gogewar fenti a inda matuƙi ke taka ƙafa zai hau. A nan da yawa ke wuce gona da iri, su manta cewa jirgin da ke bakin aiki yana da makanikai masu goge shi kullum.

Abin da ya raba wannan da wasan yara shi ne tambayar da mai fentin ke yi wa kansa: wane jirgi, na wace runduna, a wace shekara? Spitfire na 1940 kore ne da ruwan ƙasa a samansa. A 1941, da faɗan ya koma saman teku da sararin Faransa, aka maye ruwan ƙasar da ruwan toka. Jiragen da suka raka mamayar Nomandi ranar 6 ga Yuni, 1944 an ja musu layuka biyar, uku farare biyu baƙaƙe, don kada 'yan uwansu su harbe su. Cikin gaggawa aka ja su, da yawa da burushi, kuma hotuna sun nuna wasu a karkace. Ke nan wanda ya ja nasa santal da abin awo yana iya zama shi ne ya kauce wa tarihi. Launukan jiragen Jamus na ƙarshen yaƙin kuwa an shafe shekaru ana jayayya a kansu, saboda yawancin hotunan zamanin baƙi da fari ne. Mutum ya sayi kwalin roba, ya ƙare da karatun littattafan tarihi.

Wannan karatu yana biyowa ta ƙasar Hausa. Daga 1940, Birtaniya ta riƙa kawo jiragen yaƙi irin su Hurricane a cikin akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a Gana ta yau, a haɗa su a can, su tashi ta Legas, Kano, Maiduguri, Fort Lamy da ake kira Njamena yanzu, su ratsa Sudan zuwa Masar. Mai son haɗa irin Hurricane ɗin da aka shirya wa yaƙin hamada sai ya nemi kwalin da ke da matatar ƙura a ƙarƙashin hanci. Haka nan Alpha Jet, wanda sojan saman Najeriya ke aiki da shi tun shekarun 1980, ana samun samfurinsa, kuma ana iya sa masa tambarin kore, fari, kore.

Yau harkar ta wuce Ingila. Yankin Shizuoka na Japan shi ne gidan Tamiya da Hasegawa. Akwai Revell, da Italeri a Italiya, da Eduard a Jamhuriyar Czech mai yin siraran kayan ƙarfe irin su bel ɗin kujerar matuƙi. Masu saye ma yawanci manya ne da suka dawo wa abin bayan shekaru. Ƙungiyarsu ta IPMS, da aka kafa a Birtaniya a 1963, tana shirya babban baje koli kowane Nuwamba a garin Telford. A gasa irin wannan, alƙalai kan sunkuya da 'yar tocila, su fara duba ko fuka-fukan sun daidaita, ko akwai sauran tsaga a bayan jirgin, ko tabon gam a gilashi, kafin su waiwayi adon da aka kashe masa.