Karatun ɗaukar hoton jiki: wa zai ci moriyarsa a Madawa, Buza da Keita?

A ƙauyukan Madawa, Buza da Keita, wanda ya faɗo daga kabu-kabu ya karye, gidan maɗori ake fara kai shi. Sai ƙafa ta kumbura, ko ƙashi ya ƙi kamawa, sannan a ce a je likita a yi radiyo, wato hoton ƙashi. Amma sannu a hankali mutane na sabawa da a duba cikin jiki kafin a yi magani, su kuma matasan da suka samu bak, wato takardar kammala sakandare, sun fara kallon aikin ɗaukar hoton a matsayin sana'ar da za ta riƙe mutum.

Dalilan a fili suke. Babura sun cika ƙauyuka, ga babbar hanya mai lamba 1 da ta ratsa Madawa tsakanin Ƙonni da Maraɗi, inda manyan motocin albasar Galmi da simintin Malbaza ke gogayya da ƙananan ababen hawa. Mata masu juna biyu kuma sun gane amfanin eko, wato hoton ciki. Sai dai abin da ya fi damuna shi ne ƙirji. Jihar Tawa, inda waɗannan garuruwa suke, gidan ci-rani ce, kuma tun 2014 samarinta da yawa suka nufi haƙar zinariya a Jado da Cibarakaten. Wasu na dawowa da tarin da ba ya jin magani, kuma hoton ƙirji na cikin abin da likita ke buƙata don gane ko tarin fuka ne ko ƙurar dutse ce ta ci huhu. Ragin kuɗin asibitocin gwamnati da aka yi a 2024 shi ma ya ƙarfafa wa talaka gwiwar zuwa.

Karatun kansa ba danna maɓalli ba ne. Ɗalibi zai koyi ƙirar jikin ɗan Adam, da ilimin haskoki, da yadda ake kwantar da majinyaci don hoto ya fito ba sai an maimaita ba, da kare kansa da mai jinya daga illar hasken. Shi ke ɗauka, likitan da ya ƙware ke fassarawa. A tsarinmu lisansi shekara 3 ce bayan bak, kuma mafi yawa sai an je Yamai. Wanda ya tsallaka Najeriya zai tarar da fannin a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato da ta Bayero a Kano, shekara 5 cikin Ingilishi.

Wuraren aiki akwai su: asibitocin gunduma, babban asibitin jiha na Tawa, asibitin Galmi da ke aiki tun 1950, da asibitoci masu zaman kansu. A Yamai kuwa akwai sikana da sauran manyan na'urori, ga cibiyar yaƙi da ciwon daji da ta fara gashi da haske a 2021.

A nan gizo ke saƙar. Wanda ya koyi aiki da sikana a birni, da wuya ya yarda ya zauna Buza ko Keita gaban na'ura guda, wadda in ta lalace sai an jira mai gyara daga nesa. Ban ga laifinsa ba. Wuta ma ba ta da tabbas. Kowa na tuna halin da aka shiga lokacin da Najeriya ta katse mana lantarki a watan Agustan 2023. Ƙarshenta ɗan yankin ya yi karatu, Yamai ta amfana, mahaifiyarsa kuma ta biya kuɗin mota zuwa Tawa don hoton da bai wuce minti kaɗan ba. Inda babu ƙwararre kuma, akwai haɗarin a miƙa na'ura ga wanda ya koya da ka, ba rigar dalma, ba abin auna hasken da jikinsa ke sha, alhali illar tana taruwa ne shekara da shekaru.

A ganina karatun ya cancanci a shige shi, amma yawan masu takarda kaɗai ba zai kawo hoto kusa da talaka ba. Ya kamata ƙananan hukumomi su ɗauki nauyin ƴaƴansu, maza da mata, bisa yarjejeniyar dawowa gida aiki. Ma'aikatar lafiya kuma kada ta kai na'ura asibitin gunduma sai tare da wutar rana, kwangilar gyara da kayan kariya.